Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kano: A Nema Wa Wake Gurbi A Noman Kadawa

Mai girma Kwamishina,

Na rubuto ne a kan ƙasar noman Kadawa da yadda ake ciyar da ita. Duk sa'ad da damina ta ƙarato ko noman rani ya kankama, labarin da ke fitowa daga ma'aikatun gona ɗaya ne: tirela nawa ta taki aka sayo, nawa za a sayar da buhu, wace ƙaramar hukuma za a fara kai wa. Ban raina wannan aiki ba, domin shinkafa da alkama ba sa yi sai da taki. Sai dai yawan kallon buhu ya mantar da mu wata hanya ta biyu, wato wake da gyaɗa da waken suya da ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a saiwarsu suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Roƙona shi ne gwamnatin Kano ta sa waɗannan amfanin gona cikin manufarta ta taki, ta nema musu gurbi a kalandar noman Kura da Bunkure da Garun Malam, ta kuma biya kuɗin binciken da zai nuna yadda abin zai yi aiki a cikin fangali, domin mafi yawan abin da aka sani a kansa an samo shi ne daga gonakin tudu na damina.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa da kansa ta Ruwan Kanya zuwa magudanan da suka ratsa wannan yanki, ba inji ba mai. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, daga baya kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa. Kafin zuwan ruwan, manomin wannan yanki yana noma irin na sauran ƙasar Kano ne: gero da dawa, wake a tsakaninsu yana yaɗo, gyaɗa a gefe, itatuwa a tsaye cikin gona, takin gida kuma ana kai shi a mangala. Da aka baje ƙasa aka yanka ta fangali-fangali, itatuwan suka tafi, waken ma ya ja baya. Abin da ya maye gurbinsu shi ne shinkafa da damina, sannan tumatir ko alkama ko masara ko albasa da rani, wasu ma su sake maimaita shinkafar. Duk waɗannan masu ci ne, babu mai mayar wa ƙasa naitirojin a cikinsu. Shekara hamsin ke nan ana wannan juyi sau biyu a shekara a ƙasar da asalinta jigawa ce mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, ga tattaka kuma ana kwashewa ko a ƙone. Ba abin mamaki ba ne idan manomi ya ce buhun da ya ishe shi a da yanzu sai ya ƙara wani a kai.

Yuriyar da ake dogaro da ita ma ba duka take shiga cikin shuka ba. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23 ne kacal, tunda kashi 46 cikin 100 ne na nauyinta. Idan aka watsa ta a fangalin shinkafa mai ruwa kwance, cikin zafin rana, wani kaso yakan tashi sama a matsayin iskar amoniya, wani ƙwayoyin ƙasa su mayar da shi iska, wani kuma ya bi ruwa zuwa magudanar fita. Masu binciken shinkafa a ƙasashe da dama sun daɗe da nuna cewa abin da shuka ke kamawa a irin wannan watsi sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wato cikin buhu uku da manomi ya ci bashi ya saya, biyu na iya tafiya a banza, kuma gwamnatin da ta sa tallafi a kansu ita ma ta yi asarar nata.

Duk wanda ya tuge wake mai sati shida da tsiro, ya wanke saiwar a hankali a bakin kanal, zai ga wasu 'yan ƙullutai manne da ita, wasu kamar ƙwayar gero wasu sun kai ta dawa. In aka sa reza aka tsaga ɗaya, mai aiki cikinsa ja ne kamar nama. Wanda ya fito fari ko kore ko baƙi, ko dai bai fara aiki ba ko ya gama ko kuma baƙon da ke ciki ci kawai yake yi ba ya biya. A gonar da aka daɗe ana tumatir akwai wani kumburin daban da tsutsar ƙasa ke haddasawa, wanda cuta ce, kuma rarrabe su ba wuya: ƙullutun kirki yana ɓallewa idan aka goga shi da babban yatsa, kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. A cikin jan ƙullutun nan ne miliyoyin bakteriya da ake kira raizobiyam suke zaune. Saiwar ce ke fara sakin wani sinadari na kira, bakteriyar da ta dace ta mayar da amsa da nata, sai gashin saiwar ya lanƙwashe ya rufe ta, ta kutsa ciki, shukar ta gina mata ɗaki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma a ɗaure take ta yadda ganye ba ya iya amfani da ita. Bakteriyar na da wani sinadari mai kwance wannan ɗauri, wanda iskar oksijin ke lalatawa, shi ya sa shukar ke ƙera jan abin nan, ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, don ya riƙa tsakuro oksijin daidai buƙata. Shuka na biya da sukarin da ganyenta ya haɗa, ita kuma a ba ta taki. Aikin da masana'antar yuriya ke yi da iskar gas da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani, shi ake yi a nan cikin sanyin ƙasa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Hellriegel da Wilfarth sun tabbatar da shi a Jamus a 1886, Beijerinck ya ware bakteriyar a Holan a 1888, kafin ƙarshen wancan ƙarni kuma har an fara sayar da ita ga manoma a Turai, tun kafin a buɗe masana'antar haɗa amoniya ta farko a 1913. Ƙasar da ta fi kowa cin moriyarsa a yau ita ce Barazil. Tun shekarun 1960 wata masaniya mai suna Johanna Döbereiner ta dage cewa a gina noman waken suyar ƙasar a kan bakteriya maimakon takin naitirojin, aka kuma bi shawararta wajen zaɓen iri da zaɓen ƙwayoyin da suka fi ƙwazo. Yanzu Barazil na noma waken suya a hekta sama da miliyan 40 kusan ba tare da yuriya ba, abin da ke rage mata kashe biliyoyin daloli duk shekara, kuma a 2025 aka ba Mariangela Hungria ta cibiyar Embrapa babbar lambar yabo ta abinci ta duniya saboda ci gaba da wannan aiki. Ba na cewa Kura za ta zama Barazil. Gonakinsu na dubban hekta ne, namu na eka ɗaya ko rabi. Abin ɗauka a wurinsu shi ne hukuma ce ta yanke shawara, ta riƙe masu bincike shekara da shekaru, ta kuma kafa dokar da ke duba ingancin abin da ake sayar wa manomi.

A nan gida ma akwai hujja. Cibiyar IITA ta daɗe da fitar da irin waken suya masu suna TGx, waɗanda aka zaɓa don su iya ƙulla zumunci da bakteriyar da ke cikin ƙasarmu tun asali, kuma su ne suka sa noman waken suya ya bazu a Kaduna da kudancin Kano har awara ta zama abincin kowace unguwa. Daga 2009 zuwa 2019 shirin N2Africa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ken Giller na Jami'ar Wageningen, ya yi gwaji a gonakin manoma na ainihi a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da jihohin Kano da Kaduna. Sakamakon daminar 2011 da ta 2012, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa waken suyar da ba a sa wa komai ba ya ba da ƙasa da tan ɗaya a hekta. Wanda aka shafa wa bakteriya ya ƙara wajen kilo 450, wanda aka sa wa takin supa shi ma ya ƙara kusan haka, wanda ya samu duka biyun kuwa ya doshi tan ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Shafawar ba ta da wani tsada ko wahala. Abin shafawar gari ne baƙi mai laushi a cikin 'yar leda. Wanda IITA ke haɗawa a Ibadan da sunan NoduMax, gram 100 na isar iri kilo 10. A zuba irin a roba a inuwa, a yayyafa masa ruwan ƙaro don ya yi danƙo, a barbaɗa garin a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a bar shi ya sha iska kaɗan, a shuka a ranar kafin rana ta kashe abin da ke jiki. Amma wannan bincike ya nuna wani abu da bai kamata a ɓoye ba: amfanin ya bambanta ƙwarai daga gona zuwa gona, har akwai manoman da ba su ga wani ƙari ba.

Wannan bambanci shi ne dalilin wasiƙata, ranka ya daɗe. Idan a gonakin tudu, masu dogaro da ruwan sama, sakamako ya sha bamban haka, ina ga Kadawa da yanayinta ya saɓa musu ta kowace fuska? Raizobiyam mai son iska ce, ƙasar da ta yi wata uku ko huɗu a nutse ƙarƙashin shinkafa kuwa iska ba ta shigarta, don haka ana sa ran yawan ƙwayoyin ya ragu kafin a zo shuka wake. Masu bincike a Asiya sun sha ganin cewa wake da danginsa da aka shuka bayan shinkafa sun fi nuna buƙatar a shafa musu. Ga zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40 a inuwa, saman ƙasa kuma ya fi haka. Ga wuraren da ruwa ya kwanta saboda toshewar magudanan fita har kanwa ta taso ta yi fari a kan kunya, alhali gishiri na hana ƙullutun kamawa. Sannan ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: gonar da aka cika wa yuriya da kamfa saboda tumatir ko masara takan bar ragowar taki a ƙasa, wake kuwa idan ya samu naitirojin a sauƙaƙe sai ya ƙi ɗaukar baƙo, tunda ciyar da bakteriya na cin masa sukari. Saboda haka manomin da ya watsa wa wakensa yuriya da niyyar taimako yana iya kashe aikin da ake nema ne, ya samu ganye shar babu 'ya'ya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da ake iya aunawa: ƙwayoyi nawa ne a cikin gram ɗaya na ƙasar Kadawa bayan an yanke shinkafa, waɗanne ne masu ƙwazo a cikinsu, waɗanne ne ke jure zafi da kanwa, kilo nawa na naitirojin suke kamawa, nawa ne kuma ke isa ga shinkafar da ta biyo baya.

Za a ce maka wake da gyaɗa ba sa buƙatar shafi, tunda sun daɗe a wannan ƙasa suna yin ƙullutu da kansu. Maganar na da tushe, kuma ita ce ta sa aka daɗe ba a damu da binciken ba. Amma yin ƙullutu daban, yin aiki daban. A cikin ƙwayoyin da ke ƙasa akwai ƙwararru akwai ragwaye, kuma rago na iya riga ƙwararre shiga saiwa ya tare wuri. An gwada wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyin wake na Embrapa a arewacin Gana, aka ga ƙarin amfani a gonakin da ake zaton ba sa buƙata. Hakan bai tabbatar da cewa za a ga irinsa a Bunkure ba, amma ya isa ya rushe cewar an gama magana. Ni a ganina ma abin da ya fi dacewa shi ne a tono namu: a tattara ƙullutai daga waken da ya yi kyau a gonakin rani na yankin nan, a ware ƙwayoyin a ɗakin gwaji, a gwada su kafaɗa da kafaɗa da na waje. Ƙwayar da ta rayu shekaru cikin nutso da zafin Kadawa ta riga ta ci jarrabawar da baƙuwa ba ta zauna ba tukuna. In kuma gwaji ya nuna shafin bai ƙara wa wake komai, to an huta da sayen abin da ba shi da amfani, a mai da hankali kan supa da iri.

Za a kuma ce manomin Kadawa ɗan kasuwa ne, ba zai bar tumatir da shinkafa ya koma wake ba. Ba a ce ya bari ba. Amma tarihin yankin da kansa ya ƙaryata cewar ba ya son wake da rani. A 1993 wani manomi a Bunkure ya karɓi ɗan irin wake na IITA mai lamba IT89KD-288, wanda bai kai ko rabin mudu ba, ya shuka shi a noman rani. Cikin shekara huɗu irin ya bi hannu zuwa hannu har ya kai ga manoma sama da 1,500, kamar yadda rahoton da cibiyar ta fitar a 1999 ya nuna, ba tare da tallafi ko gangami ba. Dalilin a fili yake: ana shuka shi wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, a girbe shi lokacin da wake ya yi tsada a kasuwa, harawarsa kuma ta fito daidai sa'ad da dabbobi ke cikin yunwar bazara. Shi ne irin da aka yi wa rajista daga baya da sunan SAMPEA 11. A ɗaya gefen kuma kowa ya san halin tumatir: idan kaka ta yi a Kwanar Gafan kwando kan faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota, a shanya shi a bakin titi, a 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar ma ya sha rufewa don rashin kaya. Wake ba ya ruɓewa a kwando, ana zuba shi a buhu a jira farashi. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin yankan alkama a Maris da dashen shinkafa a Yuni ko Yuli, wadda wake mai kwana 60 zuwa 70 zai iya shiga. A nan dai akwai matsala ta gaske, domin zafin dare a Afrilu na kakkaɓe furen wake, kuma wasu irin na kamuwa da tsutsar saiwar da tumatir ya bari. Wane iri, a wane mako, bayan wane amfani: amsar tana wurin tashar binciken noman rani ta Cibiyar IAR da ke nan Kadawa, in an ba ta abin aiki.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, kuma masu yayata noman wake sukan tsallake ta. Mafi yawan naitirojin da shukar ta kama yana tafiya ne cikin ƙwayar da aka sayar da harawar da aka ɗaure aka kai gida. Idan aka tuge wake ko gyaɗa gaba ɗaya aka kwashe, abin da ya rage a gona saiwa ne da ganyen da ya zube, wani lokaci ma lissafin na iya tashi babu riba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ba zan ce maka wake zai kori yuriya daga fangalin shinkafa ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne ragin buhu ɗaya, in an yi dace biyu, a hekta, tare da amfanin gona guda da aka noma ba da yuriya ba sam. Sai dai lissafin bai tsaya a bakin gona ba. Harawar da tunkiya ko sa ya ci tana dawowa a matsayin takin gida in an tanadi hanyar mayar da shi, wanda shi ne tsarin da ya riƙe ƙasar kewayen Kano ƙarni da ƙarni duk da cunkoson jama'a. Yankan wake a gindi maimakon tugewa na barin saiwa da ƙullutanta a ƙasa. Sauya amfani kuma na karya zagayen cututtuka da ciyayin da suka saba da shinkafa bayan shinkafa, ko da ba a ƙirga naitirojin ba. Ga mai son takin zalla kuwa akwai dangin zamarke da masu bincike a Dakar suka bayyana a farkon shekarun 1980, mai yin ƙullutu har a jikin kara, mai jure ruwa kwance, wanda ake nomawa a turmushe shi cikin ƙasa kafin dashe. Ba na jin manomi mai rabin eka zai ba da wata biyu ga abin da ba a ci ba a sayarwa, amma a wuraren da ruwa ya riga ya lalata har ba a noma komai, ya cancanci gwaji.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahala alhali Nijeriya na ƙera yuriya fiye da buƙatarta, ga Indorama a Eleme, ga masana'antar Ɗangote a Lekki da aka buɗe a Maris 2022 mai iya fitar da tan miliyan uku a shekara. Amsar tana bakin kowane mai sayen taki a kasuwar Kura. Yuriya haja ce ta duniya, farashinta na bin dala da iskar gas, ko a ina aka ƙera ta. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 ta tashi, da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 ta sake tashi. Buhun kamfa da shirin shugaban ƙasa ya sayar a naira 5,500 a 2017 yau ya ninka haka sau da dama. Bakteriyar da ke cikin ƙasar Bunkure ba ruwanta da canjin dala.

Abu biyu ne za su iya kashe wannan shiri ko da bincike ya yi kyau, kuma duka biyun suna hannun ma'aikatarka. Na farko supa. Ƙasarmu na da ƙarancin fosfaras, ƙullutu kuwa ba ya aiki sai da shi, amma manomin da ya je neman supa zalla sau da yawa kamfa ko yuriya zai tarar, don su ne ake kawowa. Kamfanin KASCO na jiha yana da injin haɗa taki. Ba abin da zai hana shi fitar da haɗi na musamman don wake da gyaɗa, mai yawan fosfaras da ɗan naitirojin kaɗan ko babu. Na biyu ingancin garin shafin. Abu ne mai rai, yana da wa'adi, kuma ledar da ta wuni a rumfar kwano a watan Afrilu ta zama gawayi, ko da tambarin NAFDAC na jikinta. Da ido ba a gane mai rai da matacce, sai an ƙirga a ɗakin gwaji. Idan aka bar kasuwa ta cika da matattun ledoji, manomi zai gwada sau ɗaya, ya ga ba komai, ya gaya wa maƙwabcinsa, shi ke nan an rufe ƙofar na shekara goma. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero na da ɗakunan gwaji da masana ƙasa. Yarjejeniya kaɗan za ta sa ta riƙa ɗibar samfur daga shagunan Kura da Bunkure tana bayyana sakamako a rediyo, a kuma tanadi wurin ajiya mai sanyi da hasken rana a hannun ƙungiyoyin manoma.

Na san za ka iya cewa ruwan Kadawa na gwamnatin tarayya ne, haka IAR da Jami'ar Bayero, IITA kuwa ta duniya ce. Haka ne. Amma manoman 'yan Kano ne, malaman gona na KNARDA naka ne, kuɗin tallafin taki kuma ta ofishinka yake bi. Bankin Duniya ya zuba kuɗi masu yawa ta shirin TRIMING tun 2014 wajen gyara magudanai da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, amma gyaran siminti ba ya gyara ƙasar da ruwan ke shiga. Babu wanda ya fi ka cancantar zaunar da waɗannan hukumomi a tebur ɗaya. Abin da za a nema daga Hukumar Haɗeja da Jama'are shi ne ta tsara lokacin rufe ruwa don yashe magudanai ta yadda ba zai faɗa tsakiyar furen wake ba, ta kuma sanar da ranakun tun kafin shuka, domin ba manomin da zai zuba iri bai san ko ruwa zai kai shi girbi ba. Abin da za a nema daga masu bincike kuwa gwaji ne a gonakin manoma, a sassa daban-daban na shirin, har da wuraren da kanwa ta taɓa da na ƙarshen kanal inda ruwa ke isa a makare, kowace gona a raba ta huɗu: babu komai, shafi kaɗai, supa kaɗai, da duka biyun, sannan a auna shinkafar da ta biyo baya a kan kowane kashi. A yi haka aƙalla shekara uku a jere, don shekara ɗaya ba ta isa shaida a harkar noma, a kuma buga sakamakon da Hausa ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na 'yan tirelolin taki ba, kuma ina roƙon a ba shi layinsa na kansa a kasafin ma'aikatar na shekara mai zuwa, kada a jingina shi da wani shirin masu ba da agaji da zai naɗe tabarmarsa kafin a yanke shinkafar shekara ta uku.